Garin Sha'ir a Sauna

Tuulikki ta zuba garin sha'ir a rariya ta girgiza, sai ga ƙananan ƙwari jajaye suna ta yawo. Ta ruga rumbu, inda sanyi ke ratsa ƙashi, ta kwance ɗaya buhun. Ko ƙwaro ɗaya babu, alhali rana guda aka niƙo su.

"Reijo! Zo, zo ka gani!" ta ƙwala wa mijinta kira. "Ina ka ajiye buhun nan mai ƙwari?"

"A zauren sauna mana, ɗakinmu na wankan tururi. Ɓera ba ya shiga can."

Ta tafa hannu tana dariya. "Na gano! Kullum muna wankan tururi, ɗumi da laima suna ratsa buhun. Sati shida kacal, ƙwai ya zama tsutsa, tsutsa ta zama ƙwaro. Tsoho, ai kiwo ka yi, ba ajiya ba!"

Nan take dabara ta faɗo mata. Ta cika murhun sauna da itace ta hura wuta, ta baza garin a faranti bisa bencin sama na ɗakin, zafi ya yi ta hauhawa har katako yana ƙara. Ƙwarin suka fara birkicewa, ƙafafu sama.

Reijo ya leƙo, ya ga duwatsun murhu sun yi zafi. Shekara sittin hannunsa ya saba, sai ya ɗebo ruwa a ludayi zai watsa musu don tururi ya tashi.

Ta cafke hannun. "Kul! Yau gashi ake yi. Wankan da ka ba su kam ya ishe su."