Hoton Inna a Ofishin Bunsuru

Daren jiya barci ya kai ni wani gari da ban taɓa jin sunansa ba. Na tarar ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa ya yi sama, don haka kowa ya juya laimarsa ƙasa yana tafe da ita a gaban gwiwa. Ban yi mamaki ba. Na ƙara ƙanƙame abin da ke aljihuna, wato hoton Inna, mahaifiyarmu, wanda shi kaɗai aka taɓa ɗaukarta kafin ta rasu. Yayyena mata uku kowace ta ce ita za ta riƙe shi, har Yaya Uwale ta daina amsa gaisuwar sauran. Na zo ne a raba musu shi ba tare da an yaga ba.

Sai ga ni a wani ofis. Daraktan bunsuru ne mai tabarau, yana tauna gefen wani fayil. Ya saurare ni da kyau, sannan ya ce dokarsu ita ce duk takardar da ta shigo, da azahar ta zama abincin rana. Kafin nan, ga firinta can a lungu, akwai sikana a samanta. Na nuna masa cewa agogon bangonsu da baya yake tafiya.

"Azahar ta san hanya," in ji shi.

Sakatariyarsa, wata jar akuya, ta ɗaga murfin sikanar, ta goge gilashin da kunnenta. Ta ce ƙwayar ƙasa ɗaya in ta saura, za ta fito wa Inna a kumatu har abada. Ta sa na kifa hoton, na daidaita kusurwarsa da 'yar kibiyar da ke gefe, muka rufe. Ta danna maɓalli. Shiru. Ta leƙa ciki ta ce fitilar da ke tafiya a ƙarƙashin gilashin ta tafi suna Funtuwa, sai jibi.

"To kai za ka yi mata aikin," ta ce.

Ban san lokacin da na shiga ba. Na dai ga kaina kamar tururuwa, gilashi a samana ya kai faɗin filin ƙwallo. An ɗaura mini bel a ƙugu, an miƙo mini doguwar sanda mai fitilu uku, ja da kore da shuɗi. Can ƙarshe, bayan wasu madubai da ke miƙa wa juna haske, wata tsohuwar hawainiya tana zaune da littafi. Ta ce ita ce idon injin. Fari yana maido haske, baƙi yana haɗiye shi, ita kuma duk abin da madubai suka kawo mata sai ta mayar da shi lamba ta gaya wa kwamfuta. Ta ce ba ta taɓa ganin hoto gaba ɗayansa ba, layi-layi take karɓa, kowane bai kai kaurin gashi ba. Saboda haka kada in yi gudu, kada in tsaya.

Na ɗaga sandar na fara takawa. Kallabin Inna ya wuce ta samana, mai ɗigo-ɗigon nan da take ɗaurawa ranar Juma'a. Sai goshinta. Hawainiya tana ta ƙirga a bayana. Da na iso idanunta, shekara tara ban gan su kusa haka ba, na ji ba abin da nake so sai in tsaya.

"Tanimu," in ji Inna daga sama, "in ka tsaya nan, idona zai miƙe har haɓa. Wuce, ina ganinka."

Na wuce.

Ina daidai tsagar kumatunta sai wani haske ya kwararo ta gefe. Ashe bunsurun ne yunwa ta ci ƙarfinsa, ya fara ɗaga murfin da ƙaho. Hawainiya ta ce lambobinta suna rikicewa. Ni kuwa ba halin in tsaya, ba halin in yi magana. Inna ce ta yi, da muryar da take korar awakin maƙwabta daga shanyar dawa.

"Malam, rufe min. Ba ka ga ana ɗaukata ba?"

Ya rufe, har da cewa a yi haƙuri, Hajiya.

Na bi ta kan murmushinta, na bi sarƙar wuyanta, na kai ƙarshen gilashin daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya. Hawainiya ta rufe littafinta, ta ce tun da aka kawo injin ba a taɓa samun fitila mai tafiya daidai kamata ba.

Firinta ta yi tari sau uku, Inna uku suka fito da ɗuminsu. Yayyena suna zaune a tabarma ɗaya a tsakiyar ofishin, ban san ta inda suka shigo ba. Aka jera musu sababbin da na asalin, suka duba suka duba, ba wadda ta gane wanne ne wanne. Yaya Uwale ce ta fara dariya, ta jingina da kafaɗar wadda ta yi wata biyu ba ta kula ba. Bunsurun ma ya kasa ganewa, ya ce shi ba ya cin abin da bai tabbatar ba. Ya buga mini hatimi a goshi, ya naɗa ni Babbar Fitilar Ma'aikata. Awaki suka ɗaga ni sama, Inna huɗu suna rangaɗa guɗa lokaci ɗaya.

Cikin guɗar nan na fara jin wani ƙarr, ƙarr. Na buɗe ido. Rana ta fito, matata Dije ce a tsakar gida tana kankare ƙanzon tukunya. Ta leƙo ta ce me nake yi wa dariya ni kaɗai tun ɗazu. Na ce ta bari tukuna, ta miƙo mini wayata in kira Yaya Uwale.