Fushin Husaina

A shekarar da soja suka koma bariki, zazzaɓin taifot ya sake kwantar da Hassana. Abokiyar haihuwarta Husaina kuwa, wadda suke cin tuwo a kwano ɗaya, suke shan ruwan randa ɗaya, ko mura ba ta yi ba. Nan take kakarsu 'Yardada ta yanke hukunci ba tare da ta kira shaida ba.

"Fushin tagwaye ne," in ji ta. Ai kowa ya san ba a fifita ɗan biyu a kan ɗan'uwansa. Da sallah ubansu Malam Jibrin, marini a Ƙofar Mata, ya rina musu zane, na Hassana ya fi kama shuni. To, ga sakamako.

Da farko kakar Husaina ta yanke saƙa. Tsohuwa ta shiga lallashinta da alkaki da cinyar kaza wai ta huce, ita kuwa ta ci ta suɗe hannu, ba ta ma san fushin da ake magana ba. Amma da zazzaɓi ya ƙi sauka aka kai Hassana asibiti, 'Yardada ta ce a raba su, a kai Husaina gidan Gwaggo Luba a Gwale ta zauna can. Har an ɗaure mata kaya. Sai tsoro ya kama yarinya, don tun da aka haife ta ba ta san wata tabarma ba sai wadda suke kwana su biyu.

Ta roƙa a bar ta ta raka tsohuwa dubiya, ta yi sallama. A can 'Yardada ta zayyana wa likita, wata mai fara'a da ake kira Zaituna, laifin jikarta kaf.

Likita ta yi murmushi ta ce, "Iya, ƙwayar cuta ce ke shiga ta ruwa, sai ku riƙa tafasawa. Su biyun duk sun sha, amma kowa da irin garkuwar jikin da ya gada. Dube su, ko kama ba sa yi. A danginku akwai mai yawan kwanciya haka?"

'Yardada ta ce, "Ni ce. Rijiya ɗaya muke sha da yayyena, suna ta tsalle, ni ina kwance. Sau nawa uwata tana fid da rai."

"To mai yiwuwa ta nan ya biyo," in ji likita.

Tsohuwa ta daɗe tana kallon Hassana, ga wushirya, ga hanci, irin nata sak. Sai ta tuntsire da dariya har ɗankwali ya zame. "Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, ke kin tsallake kin gaji kakarki. Ashe mai laifin ce ke ta rabon alkaki."

Ranar da aka sallami Hassana, rediyon Malam Jibrin na ta labarin sabuwar gwamnatin farar hula, babu mai sauraro. 'Yardada da hannunta ta kwance ƙullin kayan nan. Daɗi ya cika Husaina har ta rasa inda za ta sa kanta.

"Iya," in ji ta, "ni fa ban gama hucewa ba."

"Ja'ira," in ji tsohuwa, ta bi ta da mafici.

Da ta tsira, Husaina ta kwashi kayanta ta mayar cikin akwatinsu, ta ɗora zanenta mai hasken shuni a kan na Hassana.