Fararen Kujerun Tela

A garin nan duk wanda ya ce maka ba da roba yake cin abinci ba, to bai zauna ya yi tunani ba ne. Kamfanin da ke bayan tasha kujeru yake yi da bokitai da baho, amma shi ke riƙe da mai shayin bakin ƙofa, da masu gidajen haya, da direbobin manyan motoci, har da mai aski. Jiniyarsa ce agogon kowa. In ta yi kukan safe yara su san sun makara, in ta yi na rana mata su sauke tukunya. Warin narkakkiyar roba kuwa tuni 'yan gari suka daina jinsa, sai baƙo ne ke toshe hanci a yi masa dariya.

Tela ma da robar take ci, domin ita ke ɗinka wa ma'aikata rigunan aiki a wani ɗan ɗaki da ke kusa da ƙofar gidanta. Mijinta shi ake kira Mai Launi, shi ke zuba kala a cikin ƙwayar roba kafin ta shiga inji. To inji ba ya sauya kala lokaci guda. Idan za a tashi daga ja a koma kore, akwai kujerun da ke fitowa a tsakani, ja bai gama fita ba, kore bai gama shiga ba, su fito roɗi-roɗi. Dillalai ba sa karɓar irinsu, don haka tun kafuwar kamfanin ake bar wa ma'aikata su kyauta. 'Yan tsakiya ake ce musu. Masu kala ɗaya kuwa daga inji sai mota, daga mota sai birni.

Shi ya sa garin da ke yi wa duniya kujeru ba gidan da za ka shiga ka tarar da kujera mai kala ɗaya. Wa zai sayi abin da ake ba shi kyauta? Har ta kai idan aka ga irinta a gidan ma'aikaci, fassara ɗaya ce, ta bayan katanga ta biyo. An taɓa yi shekarun baya, aka sallami mutumin, har yau in an tuna shi sai a girgiza kai.

Duk wannan bai taɓa damun Tela ba sai zuwan yayarta na bara. Yaya a birni take aure, a gidan sama, kuma mace ce mai kirki wadda Allah bai yi wa bakinta birki ba. Ta shigo tsakar gida, aka jawo mata kujerar da ta fi kowace kyau, shuɗiya mai ratsin ruwan ƙwai. Ta tsaya ta kalle ta sama da ƙasa.

“Auta,” ta ce, don haka take kiran Tela tun suna yara, “wannan kujera ce ko ƙyanda ce ta fito mata? Ba ta zuba a jikin kaya?”

Ta ciro farin hankici daga jaka, ta shimfiɗa, sannan ta zauna a ɗofane. Kowa ya yi dariya har da Mai Launi, Tela ma ta yi yaƙe. Amma hankicin nan ya tsaya mata a rai. Ta ji kunya, kunyar da ba ta san tana da ita ba, kuma ta sha alwashin in Yaya ta sake zuwa, a kan farar kujera fat za ta zauna, ta ga inda za ta shimfiɗa hankici.

Ta yi ta tara ɗan abin da keken ɗinki ke kawowa. Da Yaya ta aiko cewa tana tafe, sai Tela ta tare Dogo, direban da ke kai kayan kamfani birni, ta ce ya sayo mata fararen kujeru shida a shagon da yake sauke kaya.

Dogo ya cire hula ya sosa kai. “Wato in kai su birni, in saye su, in dawo da su inda aka haife su?”

“Haka na ce. Kuma kada ka gaya wa kowa, musamman baban yara. Ka san cikinsa ba ya riƙe magana.”

Dogo ya cika alkawari. Ya kawo su naɗe cikin tamfol, aka tura su bayan keken ɗinki, aka jibga musu yadi a kai.

Ranar zuwan Yaya, da jiniya ta janye Mai Launi, yara kuma suka tafi makaranta, Tela ta fito da kayanta. 'Yan tsakiyarta duk ta ba wa mai shayi aro don kada ko ɗaya ta ba ta kunya. Ta share tsakar gida, ta jera fararen a ƙarƙashin rumfa, ta goge su, ta ja baya ta kalle su, ta sake gogewa. Daɗi ya cika ta har ta zauna a kan kowace ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗora tukunya, ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta.

“Gwaggo, zan je tasha tarbar Yaya. Don Allah a duba min wuta.”

Gwaggo Mai Jan Alli tsohuwar ma'aikaciya ce. Shekara da shekaru ita ke tsayawa a ƙarshen inji tana duba kaya, duk wanda ta ga aibu a jikinsa ta ja masa jan alli. Ta bar aiki amma idon bai bar ta ba. Ta amsa daga ɗaki cewa a tafi, ga ta nan shigowa.

Motar Yaya ta yi latti. Tela ta yi ta safa da marwa a tasha, tana shirya yadda za ta yi. Ba za ta ce komai ba. Za ta dai nuna kujera da hannu kamar ba wani abu ba, ta ce a zauna. Da motar ta iso aka rungumi juna, Yaya ta toshe hanci kamar kullum, ta ce Auta ta rame, ta ce hanya ta lalace, ta ce rigar Auta ta yi kyau amma wuyan ya yi faɗi. Tela murmushi kawai take yi, don ta san abin da ta bari a gida.

Ta tura ƙofa, ta matsa gefe don Yaya ta fara shiga.

“Oh, har yanzu ba su warke ba?” in ji Yaya.

Tela ta leƙo ta bayan kafaɗarta. Kujeru shida na nan jere a ƙarƙashin rumfa, daidai inda ta bar su, amma babu fara ko ɗaya. Ga ja mai kore, ga baƙa mai ruwan hoda, ga wata da ko sunan kalarta ba a sani ba. Ta murza ido. Ta ruga ɗakin ɗinki ta ɗaga yadi, ta leƙa bayan gida, ta dawo ta tsaya cak, ƙwalla ta cika mata ido.

Sai ga Gwaggo ta fito daga madafa tana goge hannu, fuskarta cike da natsuwar wanda ya gama babban aiki. Ta gaida Yaya sama-sama, ta ja Tela gefe, ta rage murya, irin ragewar da ake ji har waje.

“Kwantar da hankalinki, 'yar nan. An gyara. Ba wanda zai ji.”

“An gyara me, Gwaggo? Ina kujeruna?”

“Sun koma inda suka fito. Ni ina shigowa na gan su na ce an shiga uku. Mutum kamar Mai Launi, mai yara, saura kaɗan ya huta da mutuncinsa! Na ce wallahi ba a gabana ba. Na aika aka kira matan layin nan, da mai aski, da wanda ke hutu yau a cikin mazan. Kowa ya zo da kujerarsa guda biyu. Ka ɗora taka a kan fara, ka yafa zane a ƙafafun, ka ɗauka a ka kamar mai zuwa aro. Ɗayar kuma ka bar ta nan, don kada baƙuwa ta zo ta zauna a ƙasa.”

Tela ta ɗora hannu a ka.

“Ta ƙofar bayan kamfani muka bi,” Gwaggo ta ci gaba, har da ɗan alfahari. “Muka cusa su cikin fararen da ake lodi. Mai gadi ya gan mu sarai, ya juya baya ya kama kallon katanga. Motar ma ta tashi.”

“Gwaggo,” Tela ta ce, “saye na yi. Da gumina na saye su. Dogo na aika birni.”

Gwaggo ta kalli Tela, ta kalli kujerun, ta dafe ƙirji.

“Saye? Kujera? Ke da mijinki ke yin ta?”

Ana haka jiniyar rana ta yi kuka, ba a jima ba Mai Launi ya shigo, hannuwansa kore shar har gwiwa. Ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya juyo.

“Tela, wai me ke faruwa ne? Tun hantsi duk wanda ya wuce ni sai ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu, kowa na kuskure. Mai gadi har ya ce in zo mu yi magana ta 'yan'uwa. Ni na ɗauka wani ne ya rasu ake ɓoye min.”

Tela ta ɗauki waya ta kira Dogo, ta buɗe murya kowa na ji. Motarsa ce ta tashi da kayan, kuma ya riga ya yi nisa. Da ta gama bayani sai aka ji ya fashe da dariya har da tari.

“Wato suna bayana yanzu? Tela, sau uku ke nan ina ɗaukar kujerun nan! Na kai, na dawo, ga shi na sake kaiwa. To ta ina zan gane su? Fara duk fara ce. Bari in dawo mu je wajen manaja tare, amma ki bari in fara shan ruwa kafin in ba shi labari.”

Mai Launi ya fahimta a hankali. Ya nuna kansa da koren yatsa. “Ni aka ɗauka ɓarawo?”

“Ba wanda ya ce ɓarawo,” in ji Gwaggo da sauri. “Cewa muka yi shaiɗan ne.”

A nan Yaya ta kasa riƙewa. Ta tuntsire da dariya har ta dafa ginshiƙin rumfa. Maƙwabta da ke laɓe a bakin ƙofa suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, kowa na sunkuyar da kai, mai aski na cewa shi dama tun farko zuciyarsa ba ta yarda ba, matarsa na cewa ƙarya yake, shi ya fara ɗauka.

Tela ba ta yi dariya ba tukuna. Ta tsaya tana kallon kujerun, sai ta fara gane su. Baƙar mai ruwan hoda ta mai aski ce, wadda yake zaunar da manyan kwastomominsa. Ja mai kore ta amaryar gidan kusurwa ce, da ita ta tare. Wadda ba ta da sunan kala kuwa ta Gwaggo ce, wadda take zama a kai kullum a ƙofar gida, ba ta bari ko jikokinta su hau. Mutanen nan sun yarda mijinta ya yi sata, kuma da rana tsaka suka ɗora satar a kansu suka ratsa gari da ita, wasu cikinsu da aikinsu a kamfanin. Haushin da take ji ya narke.

Yaya ta tsagaita, ta dubi Gwaggo. “To Gwaggo, da a ce da gaske ya ɗauko fa?”

“Da abin da muka yi shi za mu yi,” Gwaggo ta ce. “Bayan baƙuwa ta tafi in zo in ja masa kunne da hannuna.”

Gwaggo ta miƙa hannu a kunyace za ta ɗauki kujerarta, Tela ta riga ta.

“A'a, Gwaggo. Yau a gidan nan za ta yini.”

Ta ɗauko ta, mafi munin kujerun duka, ta kai ta tsakiyar inuwa, ta ajiye a gaban yayarta. Ba ta goge ta ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

“Zauna, Yaya. Ita ce babba a cikinsu.”

Yaya ta buɗe jaka ta ciro farin hankicinta. Tela ta bi hannun da ido. Yaya ta share hawayen dariyar da ke kumatunta, ta daɗe tana sharewa fiye da yadda dariyar ta kai, ta ninke hankicin ta mayar jaka. Sannan ta zauna, ta jingina bayanta sosai, ta ce a zubo abinci, yunwa take ji.