Gutsuren Burodi a Bakin Ƙofa

Dabarar ta Dakta Nufisa ce, kuma har alfahari take yi da ita. Duk ma'aikacin da kamfanin inshora ya turo mata a garin Safi yana kukan ciwon baya, sai ta yar da gutsuren burodi a bakin ƙofar ofishinta. Ai babu ɗan Maroko da zai tsallake burodi a ƙasa. Wanda ya sunkuya ya ɗauka, shi ke nan, ta rubuta bayansa lafiya lau, diyya ta sha ruwa. Mutum goma sha tara ta kama haka.

Ran Talata aka turo Si Bushta, dattijon birkila da ya faɗo daga saman gini. Idan ta rubuta ya warke, babu diyya, ga shi babu mai sake ɗaukarsa aiki. Tuhami, wakilin kamfanin, yana zaune a gefe da biro.

Tsohon ya shigo yana jan ƙafa, ya ga burodin, ya tsaya cik. Ya waiga ko akwai wanda zai ɗauka masa, babu. Sai ya jingine sandarsa, ya dafa bango, ya soma sauka kaɗan-kaɗan yana cije leɓe, gumi na tsattsafo masa. Wallahi ya fi minti biyu kafin yatsunsa su kai ƙasa. Ya sumbaci burodin, ya kai shi goshi.

"Ka ji mai ciwon baya!" in ji Tuhami yana dariya. "Baba, ai kai ko a filin ƙwallo sai a sa ka."

Tashin kuwa ya gagari Si Bushta. Yana durƙushe, ƙafarsa ta hagu tana rawa, hawaye na zuba ba da sonsa ba. Nufisa ta zabura ta kama shi, ta ji naman bayansa ya sandare kamar katako. Wannan kam ba a yin ƙaryarsa, ita ma ta sani.

Da ta zaunar da shi, sai ya miƙa mata gutsuren.

"'Yata, wani ya yar da ni'imar Allah a ƙofarki. Don Allah kada ki yi wa mai shara faɗa, ƙila bai gani ba."

Kunya ta rufe ta, ta kasa haɗa ido da shi. Ta ja takarda ta rubuta cewa raunin na dindindin ne.

"Haba Dakta, ya fa sunkuya!" in ji Tuhami. "Kamar sauran."

"Na gani," ta ce.

Bayan sun fita ta jawo aljihun tebur, ta fito da takardun mutum goma sha taran nan. Ta yi ta ƙoƙarin tuna yadda kowannensu ya miƙe daga ƙasa, ta kasa. Ba ta taɓa tsayawa ta ga tashinsu ba, da sun sunkuya take mai da kai kan rubutu.