Gidan da Ba Shi da Zaure

Da Alhaji Abdulmumin ya ajiye aikin gwamnati, abu biyu ya ƙudura zai rabu da su tun yana da sauran numfashi: matakalar bene da mutane. Matakalar dai gwiwoyinsa ne suka yanke mata hukunci, don ta kai in zai hau sai ya tsaya a tsakiya ya yi kamar yana duba saƙo a waya. Mutane kuwa shi da kansa ya yanke musu. Tun da ya gina benen nan nasa a Kano, duk ɗan garinsu Kademi mai neman aiki, ko mai jinya a asibiti, ko wanda kawai ya ji marmarin ganin kwalta, gidan Alhaji ne masaukinsa. Akwai wanda ya zo ta'aziyya, bai tafi ba sai da ya ci tuwon sunan jikan mamacin.

"Hajiya, ƙaramin gida nake so," ya ce wa matarsa Hindatu. "Na ƙasa, ɗaki biyu da falo. Ba zaure, ba ɗakin baƙi. Wanda ya zo ya ga ba wurin shimfiɗa, ya kama hanya da sauran rana."

"To mu koma Gaya mana," in ji Hajiya. "Ga asibiti kusa, ga kasuwa, ga 'yan'uwana."

"Kin ji na ƙarshen nan da kika faɗa? Shi ya kashe maganar."

Duk da haka, don kada a ce bai yi adalci ba, ya bari wani dillalin gidaje mai suna Maikuɗi ya fara kai su Gaya. Gidan da aka nuna musu mai kyau ne, sai dai tun kafin a buɗe ƙofa ƙarar babura da a-daidaita-sahu ta cika wa Alhaji kunne, sannan ƙanwar Hajiya ta ɓullo daga lungu tana guɗa. Ko banɗakin bai leƙa ba. A Kademi kuwa, mahaifarsa, motar ba ta gama tsayawa ba wani tsoho ya kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi yana yaro, wani kuma ya buɗe bayan motar ya saka buhun gero, wai a taimaka a ajiye masa a Kano.

"Yallaɓai," in ji Maikuɗi, "in shiru kake nema, akwai wani a Toranke, ƙasar Ajingi. Can ko sunanka ba wanda ya sani."

Wannan jimlar ta fi kowane fenti yi wa Alhaji kyau.

Lokacin ana tsakiyar marka ne, gero ya kai ƙirji, kuma da hantsi suka isa. Garin tsit, kamar an kwashe shi an kai wanki. In ban da wata akuya da ta ɗaga kai ta dube su ta ci gaba da harkarta, ba wanda ya yi musu sannu da zuwa. Alhaji ya ji wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun kafin ya yi aure.

Gidan kuma kamar shi ya zana shi. Wani ma'aikacin gona ne ya gina, aka yi masa canjin wurin aiki. Ɗaki biyu, falo, ɗan tsakar gida, ba dakali ko ɗaya da ƙafa za ta hau. Daga ƙofar waje sai falo, ba zaure. A ƙofar gidan kuma ga wata ceɗiya ƙatuwa ta baza inuwa har kan katanga, ƙasanta fes kamar an shafe da hannu.

"Kin gani ko?" ya ce. "Nan zan riƙa ajiye kujerata, ni da rediyona."

Hajiya ta tsaya tana duban wani gungumen icce da ke kwance a gindin bishiyar. Samansa ya yi sumul yana sheƙi. Gefensa ga wasu 'yan ramuka a jere, layi-layi, ruwan sama ya cika su.

"Alhaji, gungumen nan fa ya sha zama. Waɗancan kuma in ba idona ba, gidajen dara ne."

"Ke dai komai sai kin nemo masa aibu. Kin ga mutum a nan?"

"Ban gani ba."

"To."

Maikuɗi ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Hajiya ta gyara mayafinta ta koma mota. Mutumin da ya shafe rabin rayuwarsa yana sa hannu a takardun takin zamani, bai tsaya ya tambayi kansa ina manoma suke zuwa da hantsin damina ba.

Aka yi ciniki. Aka sa masu gyara suka yi fenti, aka kafa sola a rufi, aka sa masai na zama saboda gwiwa. Benen Kano aka ba 'yan haya. Kafin a gama duk wannan kaka ta yi, an yanke gero, an cire gyaɗa, rumbuna sun cika. Sannan Alhaji da Hajiya suka tare.

Washegari, ya dawo daga masallaci ya ɗan kishingiɗa, sai ya ji kamar ana raba gado a bayan tagarsa. Ya leƙa. Ƙasan ceɗiyar nan ba wurin taka ƙafa. Tsofaffi a kan gungume, magidanta a kan tabarmi, 'yan dara sun duƙufa ana ta ihun "ci!", mai shayi ya hura wuta, wanzami ya kama kan wani yana ta karta. Mutanen da suka yi wata da watanni suna sunkuye a gona sun samu hutu, kuma a nan suke hutunsu tun kafin a haifi wanda ya gina gidan.

Bai gama rufe baki ba aka yi sallama. Wani dattijo ne siriri mai jan hula, haƙoransa sun rine da goro.

"Alhajin birni! Ni ne Badaru. Mun yi bincike, ashe kakarka ta wajen uwa 'yar garin nan ce, ƙanwar kakana. Ka ga kenan ni taubashinka ne, ba ka da yadda za ka yi da ni. Miƙo mana buta, sannan ga wayoyin jama'a a sa musu caji, mun ga farantin sola a kan rufinka."

Ya miƙo leda cike da wayoyi kamar mai kawo tsaraba.

"Malam Badaru, ni fa hutawa na zo yi."

"Mu ma ita muke yi, Alhaji. Ai ka zo gidanta."

Nan ne kuma Alhaji ya gano amfanin zauren da ya tsana. A gidan da ke da zaure, baƙo a zaure yake tsayawa. A gidan da ba shi da shi, in dattijo ya ce yana da magana ta sirri, ba ka barinsa a titi kamar mai tallar manja, sai falo. Kuma ashe duk Toranke ba mai magana sai ta sirri. Wannan ɗansa ya gama sakandare, wancan yana son a duba masa takardar asibiti, wani kuma so yake kawai ya ji ko gaskiya ne kujerar Alhaji tana lotsawa. In ƙishirwa ta kama majalisa, firjin Hajiya ne rijiyarta. In wani ya yi baƙo daga nesa, Badaru ya riga ya yanke cewa ba inda ya dace da mutuncin baƙon gari sai falon nan mai fanka. Hajiya kuwa tun safe tana tsakanin murhu da ƙofa, tana miƙa ruwa, tana karɓar kofuna.

Ya kira Maikuɗi a waya. "Ina so a sare bishiyar nan."

"Wacce, Yallaɓai? Ceɗiyar? Ai ba ta cikin filinka. Kakan mai unguwa ne ya dasa ta. Inuwar ce kawai take shigo maka, ita kuma kyauta na bar maka."

"Ka ce min ba wanda ya san sunana a nan!"

"A lokacin ba su sani ba, Yallaɓai."

Alhaji ya gwada rufe ƙofa ya yi lamo. Aka ɗauka ba shi da lafiya, aka shigo dubiya rukuni-rukuni, har da mai kawo sassaƙe. Ya gwada ɗaure fuska. Badaru ya sanar wa majalisa cewa haka manyan ma'aikata suke yi in suna tunanin ƙasa, kowa ya ƙara girmama shi, aka ƙara matsowa.

Ana cikin haka rani ya kankama, dabara ta faɗo masa. In da damina mutane suna gona gari ya zama kufai, to da rani gona ce kufai. Ya yi wa wani manomi magana a ɓoye, ya karɓi aron gonarsa can bayan gari, ba don ya shuka komai ba. Abin da ya gani a cikinta wani ƙaton gawo ne, bishiyar da ke zubar da ganye da damina ta yi lif da rani, kamar don shi aka halicce ta. Kullum da safe sai ya naɗe dardumarsa, ya ɗau rediyo da gorar ruwa, ya fita ta ƙofar baya, ɗan acaɓa ya kai shi. Hawa babur ɗin ya fi matakalar Kano cin gwiwa, amma bai damu ba. Ya zauna a gindin gawo, ba kowa sai karan dawa da kurciyoyi. Ya sayi gida, ya yi masa fenti, ya sa masa sola, ga shi yana hutawa a gonar aro, kuma a ganinsa ya yi nasara.

Bai faɗa wa kowa wurin ba sai Hajiya, saboda ko ta-kwana.

Wata rana da hantsi, ya miƙe ƙafa, barci ya fara ɗaukarsa, sai ya ji ƙarar amalanke. Ya buɗe ido ɗaya. Shanu biyu ne ke jan ta, a kanta ga tabarmi, ga tukunyar mai shayi, ga jakar wanzami, ga gungumen nan mai sheƙi an ɗaure shi da igiya. A bayanta majalisa ce gaba ɗaya, Badaru a gaba yana dogara sanda.

"Haba, ɗan birni!" in ji Badaru. "Mutum da danginsa ya riƙa zama a daji shi kaɗai kamar mai kiwon aljanu? Da Hajiya ba ta faɗa mana kaɗaici ne ke damunka ba, da mun ɗau alhakinka. Kai, ku sauke a nan! Wallahi inuwar nan ma ta fi ta gida iska. Matsa, Alhaji, inda za mu haƙa gidajen dara ka zauna."

Alhaji ya matsa.

Da la'asar sakaliya ya dawo gida a kan amalanke, an matse shi tsakanin mai shayi da wanzami, gwiwoyinsa na zogi. Ƙasan ceɗiya ba kowa sai akuyar nan. Ya tura ƙofa. Falo a share, fanka na juyawa a hankali, ba kofi ko ɗaya a ƙasa. Hajiya na kishingiɗe a kujerarsa mai lotsawa, ta ɗora ƙafa a kan matashi, ruwan sanyi a gefenta.

"Sannu da zuwa, Alhaji," ta ce, ba ta ko tashi ba. "Yau kam na yarda ka iya zaɓen gida. Tun safe ko tari ban ji ba. Gobe ƙarfe nawa za ku fita, in sa a dama muku kunu ku tafi da shi?"