Lambar Kofur Abukari

Shekara goma sha ɗaya Damata ta yi tana tara lambobin yabo a ɗakinta na unguwar Morrisania da ke Bronx. Da rana jinyar tsofaffi take yi, ran Lahadi kuwa sai ta bi kasuwannin gwanjo tana tsintar lambobin 'yan sanda da na farar hula da suka yi jarumta. A akwatinta mai gilashi akwai talatin da tara, da gurbi ɗaya da ta bari fayau.

Gurbin na mahaifinta ne, Kofur Abukari, wanda ya shiga gobarar kasuwa a Kumasi ya fito da mutum bakwai, hayaƙin ya zauna masa a ƙirji har ya kashe shi. Ranar sadakar uku abokin aikinsa Braimah ya zo da hawayensa, ya ari lambar da gwamnati ta ba mamacin, wai zai nuna wa manya a ofis. Ba a sake ganinsa ba. Mahaifiyar Damata ta rasu tana cigiyar lambar.

Sai ga Braimah a Bronx, ya zama Alhaji, ya aje tumbi. Ba suna ba biki sai ya maƙala lambar a babbar riga, yana ba da labarin yadda ya kutsa wuta. Mutum bakwai ɗin ma sun haihu a bakinsa, sun zama ashirin. Damata ta tsane shi, tsana mai sanyi, amma kullum sai ta rusuna ta gaishe shi. Da ta so, da ta tare shi a keɓe tun tuni. Ba ta so ba, jama'a take jira.

Ta same su ranar shida ga Maris ta 2016, a taron murnar 'yancin Ghana, inda za a naɗa Braimah shugaban ƙungiyar 'yan Zongo. An roƙe ta ta baje lambobinta, ta baje.

"Baba Alhaji," in ji ta, "ka ara mini taka minti biyar, yara su ga orijinal."

Ya ɓalle ta ya miƙa yana washe baki. Shekara ashirin da biyu yana goge fuskarta duk Juma'a, bai taɓa juya ta ya dubi kaifinta ba. Mai tara lambobi kuwa can yake fara dubawa, don a nan ake sassaƙa sunan mai ita, da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero.

Damata ta miƙa wa Liman Abdou lambar da madubin ƙara girma.

"Malam, idona ya gaji. Karanta mana sunan jarumin, ga lasifika."

Liman ya kanne ido ɗaya, ya karanta a hankali: "Kofur Abukari Fataw."

Wata tsohuwa 'yar Kumasi ta ce ta san Abukari, ƙanenta na cikin bakwai ɗin.

"Aro na yi," in ji Braimah. "Ɗiyata, ai aro ne."

"Na sani, Baba. Ina bayan ƙofa ranar da ka ara. Kayan aro ba ya rufe katara."

Ta sa lambar a gurbinta, ta murɗa makulli. Rawanin da aka tanada yana nan a kan tebur, ba wanda ya taɓa shi.