Kwalbar Ƙarshe ta Hamani Mai Batir

"Kada ka zuba mashi wanga ruwa," in ji Hamani daga kan tabarmarsa.

Attahiru direba ya tsaya da buta a hannu. Batirin kamyonsa, babbar motar kaya, na ajiye a tsakar gidan, shi da wani soja suka cicciɓo shi. Ni kuwa na shigo ba ko sallama, don zancen ya fi shafata.

Shekarar ce damina ta sake ƙin mu a Tasawa. Kamyon na ƙofar gida shaƙe da jar dawa ta taimako, za a kai Attantane, inda ɗiyata Mariyama take aure. Saƙon ƙarshe da ya zo mini, 'ya'yan anza na daji suke jiƙawa suna ci, ƙaramin ɗanta ma yunwa ta sa ya daina kuka. Sojan ya ce in motar ba ta tashi kafin la'asar ba, za a juye buhunan cikin wata, a kai wani garin. Attantane sai wani zuwan, in da rai.

Hamani maƙwabcina ne, gyaran batir ne sana'arsa, kuma ciwon ƙirji ya kayar da shi tun watan jiya. Ba zan ce muna shiri ba. Duk damina sai ya aro tasoshina ya jera a fili, ya hana kowa taɓawa, ya dinga ɗura ruwan saman da suka tara cikin kwalabe. Har kajina ya taɓa jifa a kan haka, ni ma ban bar shi ya ji daɗi ba.

"Ku jawo mani shi nan," ya ce.

Suka jawo. Ya buɗe murafen ɗaya bayan ɗaya, yana leƙawa kamar mai duba tukunya. Sannan ya ɗauki guntun waya, ya dafa kan batirin ɗaya, ya karci ɗayan. Wata 'yar wuta ja ta yi tartsatsi ta mutu.

"Da sauran rai," ya ce yana haki. "Ƙishi ne ya kama shi. Amma ruwan rijiyarmu kanwa gare shi, ba ka kai Mayahi ba za shi cinye maka shi. Sai na sama."

Dariyar takaici ta kufce mini. "Malam Hamani, in da akwai na sama, mi za mu yi da dawar taimako?"

Bai ko dube ni ba. Matarsa Zara'u ya duba, wadda ke zaune bakin ɗaki.

"Ɗauko ta, Zara'u."

Ba ta motsa ba. "Ita kaɗai ta rage. Kai ka ce a aje ta, a yayyaha ma kabarinka."

"Ni na rijiya ba ya ɓata ni. Ɗauko."

Ta shiga ta daɗe. Da ta fito, kwalba ce koriya a hannunta, an toshe bakin da tsumma da kakin zuma. Kunya ta rufe ni, don na gane ruwan da nake yi wa gori ne.

Ya ƙi yarda kowa ya zuba. Ya ɗaga kwalbar da ƙyar, sai ya ce, "Habsatu, tunda tasarki ce ta tare shi, riƙe mani wuyan hannu." Na durƙusa na riƙe. Rami bayan rami muka bi, har kwalbar ta ƙare. Ya ce a bar batirin ya sha, a mayar da shi, a tura motar, kada a wahalar da shi da makulli.

Da aka ce turi, unguwa ta fito. Mahauta, masu kiri, matan da ke layin rijiya, har liman ya naɗe rigarsa. Sojan ya rataya bindiga a baya ya sa kafaɗa. Ni ma na ɗaure zane na kama ƙarfen baya, da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Turin farko motar ta yi tari ta yi shiru. Na biyu muka gangara da ita wajen babbar hanya, Attahiru ya saki ƙafa, sai ta girgiza, ta tofa mana baƙin hayaƙi, ta kama ruri. Na rangaɗa guɗar da ban yi ba ko ranar bikin Mariyama.

Na koma da gudu in gaya wa Hamani. Ashe ya ji.

"Na ji ta," ya ce, idonsa a rufe. "Muryarta lahiya lau. Ta kai."

Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinsa. Na yi kuka, kukan da ni kaina ya ba ni mamaki.

Ranar sadakar uku Attahiru ya dawo, bai san an yi rasuwa ba. Ya ce kaya sun sauka, ya ga ƙaramin na Mariyama da idonsa yana tsala ihu a kan a ƙara masa kunu. Sai ya miƙo mini wani ƙullin tsumma.

"Ta ce a ba mai batir, daga tukunyar hwarko."

Na kwance. Akushi ne ƙarami, da malmalar tuwon jar dawa a ciki, ya bushe a hanya har ya tsage. Na kai wa Zara'u. Ta karɓa da hannu biyu, ta ajiye a gefen tabarmar Hamani, ta ɗauko faifai ta rufe saboda ƙuda.